Jajibirin Biyan Masunta

Ruwa ya kwana huɗu a kan Alappuzha bai ɗauke ba.
Gishirin kicin ya narke, ashana ta ƙi kamawa,
takalmina na zuwa coci ya tsiro da farin gemu.
Gobe Asabar, ranar biyan masunta:
jirage arba'in da uku, wa ya kawo kilo nawa, wa ya ci bashin mai,
duk suna cikin akwatin nan mai ruwan toka a ƙarƙashin tebur.
Na danna maɓalli.
Shiru.
Na sake dannawa, na riƙe, kamar mai laluben jijiyar majinyaci.
Fanka ko tari ba ta yi ba.

Treesa, jikata, shekara sha huɗu,
ta dire kofin shayi a kan littafin rasit.
"Kaka, daga bango ake farawa."
Muka zare filogi, muka soka na fitilar karatu, ta kama.
Bango ya fita daga zargi.
Ta shiga kicin ta kwance wa tukunyar shinkafa wayarta,
baki uku, daidai da na kwamfuta.
Shiru.
Ɗan makunnin baya, mai sifiri da ɗaya, ta juya shi sau biyu.
Shirun dai, sai kwaɗi a bakin magudana.

Sukuru huɗu, biyu tsatsa ta ci kawunansu.
Na tara su a faranti don kada su bi ƙasa.
Kafin ta sa hannu ciki sai da ta dafa ƙarfen taga,
wai jikin mutum ma yana ɗauke da tasa wutar.
Ta ɓalle sanduna biyu koraye masu haƙoran zinariya,
ta goge su da magogin fensirinta na lissafi,
ta mayar, ƙas, ƙas.
Na danna. Ba labari.

Sai ta kai hanci. "Ka ji ƙauri?"
Ni hancina kifi ya gama da shi tun ina saurayi.
Ta haska tocila ta ragar akwatin wuta,
can ciki ga tsaka, ta bushe, yatsu a buɗe.
Ɗumi ta shiga nema.

Sudhakaran mai shagon fotokwafi yana da matacciyar na'ura a bayan kanta.
Na tsallaka titi, ruwa har gwiwa, zanina a naɗe, lema tana gardama da iska.
Ya yi mita, ya kunna sigari, ya ciro mata akwatin wutar.
Kuɗi? A'a. Kifi biyu ranar Litinin, manya, kada in yi masa wayo.

Ja, baƙi, rawaya, wayoyi kamar komar da ta harɗe.
Babban filogin, mai haƙora ashirin da huɗu, ta fuska ɗaya kawai yake shiga.
Treesa ta cije leɓe, ta tura.
"Danna, Kaka."
Fanka ta yi atishawa, ta watso mini ƙura a ido,
ƙara ɗaya siririya, fiit,
allo ya waye.

Amma kwanan watan da ya nuna:
ɗaya ga Janairu, dubu biyu da goma.
Ɗan batirin ciki, mai faɗin kwabo, ya mutu, in ji ta,
shi ya sa ta farka ba ta san yau ba.
A wannan Janairun Aleyamma tana bayan ƙofar can
tana kankare kwakwa, tana faɗa da hankaki.
Ke ko haihuwarki ba a yi ba.

"Bari in gyara."
Na ce, shanye shayinki tukuna.
Ya huce tun ɗazu. Ta dube ni, ta sha a hankali.

Daga baya sunaye suka jeru: Pappachan, kilo ɗari da sha tara,
Velayudhan, bashin mai bai biya ba har yanzu.
Na kwashe tsakar a kan tsohon rasit,
na kai ta gindin ayaba.
Kafin in juyo ruwa ya tafi da ita, da rasit ɗin.